Gyaran haƙoran kardan na tsohon moto: bayani daga Sae Sabuwa

Gabatarwa

Wannan ɗan rubutu ya samo asali ne daga wani tsohon moto da ya yi damina biyu jingine a zauren kawuna a Sae Sabuwa, cikin gundumar Gidan Rumji ta jahar Maraɗi. BMW ne na shekarun 1970, wanda ya saya a gwanjo tun muna yara. Injinsa lafiya lau yake, bugu ɗaya yake tashi. Abin da ya kwantar da shi yana can baya, a gindin taya. Wata roba ce ta fara yoyon mai, sai aka kai shi wurin wani makaniki wanda gwani ne ƙwarai a kan moto mai sarƙa. Ya buɗe, ya zuba duk abin da ya fito a tasa ɗaya, ya wanke da esansi, ya mai da. A cikin tasar akwai waɗansu siraran zobban ƙarfe guda uku, masu kama da juna a ido. Biyu sun koma inda ba nasu ba, na uku ya rage a ƙasan tasa. Daga nan ya cika ƙoƙon da baƙin mai na inji. Kafin kaka ta wuce, moton ya soma kuka kamar ana wasa wuƙa, har kawu ya ji tsoron hawansa.

Ba don a zargi makanikin muka kawo labarin ba. Babu wanda ya taɓa gaya masa cewa a wannan wuri kaurin takarda guda yana iya raba tsakanin haƙoran da za su yi shekara ashirin da waɗanda za su ƙare a wata huɗu. Manufarmu ita ce mu yi wannan bayani da Hausa, yadda malamin fasaha zai iya ɗauka ya koyar da shi. Kuma al'amarin ya wuce na moto ɗaya. Motoci masu ƙafa uku na ɗaukar kaya, ƙirar Sin, waɗanda ke jigilar gero da aya da wake tsakanin ƙauyuka da kasuwannin Cadawa, Agye da Gazawa, galibinsu da sanda suke tafiya, ba da sarƙa ba. Ilimin da ake buƙata wajen gyaransu shi ne wannan.

1. Sarƙa da sanda

Moto yana kai ƙarfin inji zuwa tayar baya ta hanya uku: sarƙa, ko bel, ko sandar ƙarfe mai juyawa. Sarƙa ce kowa ya sani. Tana da arha, ba ta da nauyi, kuma sabuwar sarƙa mai tsabta ba ta ɓatar da ƙarfi da yawa. Amma a fili take. A ƙasar jigawa irin tamu, rairayi yana haɗuwa da man da aka shafa mata ya zama abin wasa ƙarfe, ya ci sarƙar da haƙoran da take bi. Sanda kuwa a rufe take tun daga akwatin giya har taya, haƙoranta suna wanka cikin mai. Farashin wannan kariya shi ne nauyi, da tsada, da wuyar gyara.

Dabarar tsohuwa ce. Kamfanin FN na Beljiyam ya fito da moto mai silinda huɗu mai sanda a 1905. BMW ya fara da R32 a 1923, kuma bai rabu da sanda a manyan motocinsa masu silinda biyu kwance ba. Daga R71 ta 1938 Tarayyar Sobiyet ta kwaikwayi M-72 a 1941, wadda ta haifi Ural da Dnepr, ita kuma ƙasar Sin ta karɓi zanen a ƙarshen shekarun 1950 ta yi Chang Jiang 750. Daga baya Japan ta fito da Honda Gold Wing a tsakiyar shekarun 1970 da Yamaha XS750 a 1976; a farkon shekarun 1980 Yamaha ya sa sanda har a ƙaramin motonsa Townmate. Ƴan Nijar sun ga ƙarfin wannan dabara da idonsu a tseren Paris-Dakar: Hubert Auriol ya ci a 1981 da 1983, Gaston Rahier a 1984 da 1985, dukansu a kan BMW mai sanda, kuma tseren 1983 ya ratsa Tenere.

2. Kalmomin da za mu yi aiki da su

Maraɗi tana tsakanin harsuna biyu na aro. Abin da makanikin da ya koyi aiki a Yamai zai kira rulma, wanda ya koya a Katsina ko Kano boris zai ce. Sandar kanta, wani ya ce kardan, wani ya ce farfela. Kalmar kardan daga Faransanci ta zo, su kuma sun samo ta daga sunan Gerolamo Cardano, masanin lissafi ɗan Italiya na ƙarni na 16. A ganinmu bai kamata malami ya hana ko ɗaya ba. Ya ambaci duka biyun sau ɗaya, sa'an nan ya tsaya a kan guda.

A nan za mu ce sanda ko sandar kardan. Mahaɗar da ke ba ta damar lanƙwasa idan taya ta hau ko ta sauka, gwiwa. Ƙarfen da ke tsakiyarta mai hannu huɗu, gicciye. Gidan da haƙora ke ciki a gindin taya, ƙoƙo. Ƙaramin mai haƙora da ke ƙarshen sanda, pinyo. Babban da yake juyawa tare da taya, wanda Faransanci ke kira couronne, mun fassara shi kai tsaye da kambi. Siraran zobban da ake daidaita matsayi da su, zobban awo. Ɗan sararin da ake bari tsakanin haƙora, rata. Layukan da aka yanka a jikin ƙarfe don ya shiga wani su juya tare, tsage-tsage.

3. Yadda pinyo da kambi ke haɗuwa

Sanda tana juyawa a kan layin da ya bi tsawon moto, taya kuma a kan layin da ya gitta shi. Saboda haka dole juyin ya karya kwana ta digiri 90. Wannan shi ne aikin pinyo da kambi. A moton da injinsa ke juyawa bisa tsawon moto, kamar BMW da Ural, sau ɗaya ake karya kwanar. A wanda injinsa ke juyawa a gicce, kamar Townmate ko XS750, sau biyu ne: akwai waɗansu haƙoran a bakin akwatin giya, ga kuma na baya. Mai gyara ya tuna da wannan, don kada ya buɗe baya alhali kukan daga gaba yake fitowa.

Don a gane siffarsu, a ɗauki mazurari biyu, ƙarami da babba, a kwantar da su gefe da gefe yadda tsininsu zai haɗu a wuri ɗaya. Idan aka juya ɗaya, zai mirgina a jikin ɗayan ba tare da zamewa ba. Amma da zarar an tura ɗaya gaba ko baya, tsinin ya rabu, sai mirginawa ta koma gurzawa. Pinyo da kambi mazurarai ne da aka yanke wa tsini aka yanka wa haƙora. Tsinin ba ya nan a zahiri, amma yana nan a lissafi, kuma dole na pinyo da na kambi su haɗu a ɗigo guda. Zobban awo ba su da wani aiki sai wannan. Ɗaya yana tsayar da zurfin pinyo, wani yana tsayar da kusancin kambi, na uku yana cike gurbin da ya rage don kada kambi ya yi lako-lako tsakanin ƙoƙo da murfi. Tun da babu ƙoƙo biyu da suka fito daga masana'anta daidai wa daida, kowane moto da kaurin zobbansa.

Nauyin da haƙoran ke ɗauka yana da ban mamaki. A ce a giyar farko sanda tana kawo ƙarfin murɗa na niyuton-mita 200, kuma daga tsakiyar pinyo zuwa haƙorinsa santimita 2 ne. Raba 200 da 0,02 ya ba da niyuton 10 000, wato kusan tan guda, a kan fili da bai wuce farcen ɗan yatsa ba. Idan haƙoran suna haɗuwa a tsakiya, ƙarfe yana iya jurewa. Idan aka tura wannan tan guda zuwa gefen haƙori, sai fatar ƙarfen ta soma ɓantarewa. Muna cewa fata domin ba duk haƙorin ne aka ƙeƙasa ba. Bayansa kawai ake taurarawa, cikin yana da ɗan taushi don kada ya karye. Idan fatar ta tafi, sauran ba ya daɗewa.

Haƙoran ba miƙaƙƙu ba ne, a lanƙwashe suke. Wannan yana sa kowane haƙori ya shiga aiki sannu a hankali, kafin na gabansa ya saki, shi ya sa ba su da ƙara. A masana'anta ana wasa pinyo da kambi tare har su saba da juna, a buga musu lamba ɗaya. Don haka ba a canza ɗaya a bar ɗaya, kuma ba a aurar da pinyon wannan moto da kambin wancan, ko da yawan haƙoransu ɗaya ne.

Yawan haƙoran ma yana da darasi, wanda malaman lissafi za su ji daɗinsa. A jikin ƙoƙon BMW ana buga lambobi kamar 37/11 ko 33/11, a na Ural mai amalanke a gefe 37/8. Lambar farko haƙoran kambi ce, ta biyu na pinyo. A 37/11, babu lambar da ke raba duka biyun in ban da 1. Sakamakon haka kowane haƙorin pinyo sai ya gamu da kowane haƙorin kambi, kuma sai pinyo ya yi juyi 37, kambi ya yi 11, kafin haƙora biyu da suka fara haɗuwa su sake haɗuwa. Ci yana rarrabuwa daidai. A 33/11 kuwa, 11 ta raba 33 sau uku cif, wato kowane haƙorin pinyo abokai uku kawai gare shi har abada. Irin wannan, kafin a raba su, sai an sa alama a haƙorin pinyo da ramin kambin da yake ciki, a mai da su yadda suka saba.

4. Gane ciwo kafin a taɓa sifana

Yawancin ɓarna a wajen buɗewa ake yin ta, don haka a jinkirta buɗewa. Kunne yana ba da labari da yawa. Kuka mai tsini da ke zuwa idan an ba da wuta, ya ɗauke idan an saki, ko akasin haka, na haƙora ne: ba sa haɗuwa inda ya kamata. Gurnani mai bin saurin taya, wanda bai damu da an ba da wuta ko an saki ba, na rulma ne. Ƙara guda, ƙwas, a lokacin tashi ko sakin wuta, tana nuna lako-lako a gwiwa ko a tsage-tsage, ko rata ta yi yawa. Ɗan bugu mai maimaituwa a kowane juyin taya, haƙorin kambi ne ya gutsure. Idan bugun ya fi juyin taya sauri sau uku ko huɗu, na pinyo ne.

Bayan kunne sai hannu. A ɗaga tayar baya, a kama ta sama da ƙasa a girgiza; kada a ji motsi. A juya ta a hankali cikin furi, a saurari inda take cijewa. Sa'an nan a zubar da man ƙoƙo cikin farar tasa. Ƙurar ƙarfe mai laushi kamar kwalli a jikin maganaɗisun toshiya, wannan ba komai ba ne. Ɓarɓashi mai ƙyalli da yatsa ke ji, rulma ne ko fatar haƙori. Ruwan tagulla yana nuna zoben tagulla ya ci. Man da ya yi fari kamar nono, ruwa ya shiga. Wannan na ƙarshe ciwon damina ne: ƙoƙo ya yi zafi, aka tsunduma shi a korama, iskar ciki ta tsuke, sai ya zuƙo ruwa ta ƙofar shaƙar iska.

Ita wannan ƙofar shaƙar iska ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce mafarin wahalar kawuna. Ƙurar hunturu takan toshe ta. Idan ta toshe, iskar da ta yi zafi a ciki ba ta da mafita sai ta turo mai ta bakin roba, man ya jiƙe takalmin birki. Ana ganin yoyo sai a ce roba ta mutu. Sau da yawa wanke wannan ɗan rami da rage man da aka cika fiye da kima sun isa.

5. Buɗewa

Idan babu makawa sai an buɗe, akwai abu ɗaya da ake yi tun kafin a kwance haƙora: a auna ratar yadda take a rubuta. Tsofaffin haƙora sun riga sun saba da matsayinsu. Wanda ya mai da su bisa awon sababbi zai sa su haɗu a sabon wuri, su yi kukan da da ba su yi. Idan rulma ko roba kawai za a canza, manufa ita ce a mai da haƙora daidai inda aka same su.

A shimfiɗa kwali, a zana siffar ƙoƙo, duk abin da ya fito a ajiye shi a gurbinsa. Kowane zobe a ɗaure masa zare da takarda mai cewa daga ina ya fito, a auna kaurinsa idan akwai ma'auni. Ƙoƙon alminiyam ne, rulma kuwa ƙarfe, kuma alminiyam ya fi ƙarfe buɗewa da zafi. Saboda haka ba a fitar da rulma da guduma. Ana ɗumama ƙoƙo har wajen digiri 100, wato har ɗigon ruwa ya yi cuu a jikinsa, sai rulma ya faɗo kusan da kansa. A cire robobi da mai tukuna, kuma a zagaya zafin ko'ina, kada a tsaya wuri ɗaya. Ramin da aka faɗaɗa da duka ba ya sake riƙe rulma, kuma ƙoƙon da bai riƙe rulma ba ya gama aiki, komai kyawun haƙoran da ke ciki.

A duba haƙora cikin hasken rana. Ƙyalli mai santsi a tsakiyar haƙori alamar lafiya ce. Ƴan ramuka ƙanana jefi-jefi ana iya haƙuri da su idan an rage kaya. Fatar da ta ɓantare, ko launin shuɗi na ƙuna, ko tsaga a gindin haƙori, ko kaifi a bakinsa, waɗannan ba su da magani. An sha tambayarmu ko walda ba za ta cike haƙori ba. Takan cike shi a ido, amma ba ta mai da lanƙwasar da injin masana'anta ya yanka, kuma zafinta yana kashe taurin haƙoran da ke kusa. Haƙorin walda idan ya ɓalle ya shiga tsakani, taya ce za ta ƙame ana cikin gudu. Wannan ba maganar kuɗi ba ce kuma, maganar rai ce.

Tun da an buɗe, a duba tsage-tsagen da ke haɗa kambi da cibiyar taya. A tsofaffin BMW nan ne ya fi ci, don a bushe yake aiki, ƙura tana shiga. Sababbi bakinsu faffaɗa ne. Idan sun yi tsini kamar haƙoran zarto, saura kaɗan su share, inji ya yi ta juyawa taya tana tsaye. Giris mai sinadarin molibdenam ake shafa musu, siriri, duk lokacin da aka cire taya. Gwiwa kuma a lanƙwasa ta kowane ɓangare. Kada ta cije, kada ta yi motsi. A sandar da ke da gwiwa biyu, irin ta mai ƙafa uku, dole kunnuwan gwiwoyin biyu da ke jikin sanda su kasance a layi ɗaya. Dalili shi ne gwiwa guda idan ta lanƙwashe tana ƙara sauri ta rage sau biyu a kowane juyi, ta biyun ce ke warware wannan. Idan aka zare sanda aka mai da ita a karkace da tsaga ɗaya ko biyu, maimakon warwarewa sai ƙari, moto ya riƙa rawa.

6. Daidaitawa

Nan ne zuciyar aikin. Abu biyu ake nema, kuma kowane yana taɓa ɗan'uwansa: ratar da ta dace, da wurin haɗuwa da ya dace.

Rata wajibi ce. Ƙarfe yana kumbura da zafi, kuma mai yana buƙatar wurin zama. Littattafan masana'antu suna ba da awo tsakanin milimita 0,05 da 0,30, gwargwadon irin moto. Na moton da ke hannu shi za a bi. Don a ji girman abin, takardar ofis mai giram 80 kaurinta kusan milimita 0,1 ne: bandir mai takarda 500 santimita 5 ke nan. Ana aunawa da agogon awo: a riƙe pinyo kada ya motsa, a ɗora tsinin agogon a haƙorin kambi, a kaɗa kambin gaba da baya, a karanta. A yi haka a wuri uku da suka raba da'ira daidai. Idan awon ukun ya bambanta ƙwarai, kambi bai zauna daidai ba ko ya lanƙwashe, kuma babu zoben da zai gyara wannan.

Inda babu agogo, kamar yawancin garajojin ƙauye, ana iya sa siririyar wayar dalma tsakanin haƙora, a juya ta wuce, a auna kaurin inda ta baje a ɓangarorin haƙori biyu a haɗa. Hanyar takarda ta fi wannan rauni amma ta fi komai babu: tsiri ɗaya ya wuce da shaidar haƙora ba tare da ya tsinke ba, ninki uku ko huɗu kuwa su cije. Ba mu ce wannan awo ne ba, kariya ce daga babban kuskure.

Wurin haɗuwa da launi ake ganinsa. Masana'antu shuɗin Furusiya suke cewa a shafa. Bular wanki da aka kwaɓa da ɗigon mai tana yin aikin, jan baki na mata ma haka. Kada a yi amfani da jar ƙasa, don tana da rairayi. A shafa siriri a haƙoran kambi huɗu ko biyar, a haɗa ƙoƙo a ɗaure murfi yadda zai kasance a kan hanya, a danne kambi da tsumma don ya yi nauyi, a juya pinyo gaba da baya. Sa'an nan a buɗe a karanta sawun da aka bari.

Haƙorin kambi yana da sama da gindi, yana da ƙarshen ciki mai ƙanƙanta da ƙarshen waje mai faɗi. Sawu mai kyau dogo ne kamar ƙwayar dabino, a tsakiya tsakanin sama da gindi, ya ɗan karkata zuwa ƙarshen ciki, bai taɓa kowane baki ba. An so ya karkata ciki ne domin idan nauyi na gaske ya hau, yakan bazu zuwa waje. Idan sawun ya hau saman haƙori, pinyo bai shiga sosai ba, a tura shi ciki. Idan ya sauka gindi, pinyo ya shige da yawa, a ja shi baya. Idan a fuskar da ke jan moto sawun ya tafi ƙarshen ciki, kambi ya matso da yawa, rata ta yi kaɗan. Idan ya tafi ƙarshen waje, kambi ya yi nisa.

Ana fara da zurfin pinyo, sa'an nan rata, sa'an nan a sake duba launi, domin motsa pinyo yana canza rata. Kowane sauyi kada ya wuce milimita 0,05 zuwa 0,10, kuma abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a rubuta. Duk abin da aka ƙara a bayan kambi ta wannan gefe sai an rage shi ta wancan, in ba haka ba murfi zai matse rulma ko ya bar shi yana yawo. Buɗewa da rufewa sau biyar ko shida ba abin kunya ba ne. Matsalar ita ce makanikin da ake biya bisa aiki ba bisa lokaci ba, ga layin masu kabu-kabu suna jira, ba zai so ya ɓata yini a kan ƙoƙo ɗaya ba. Mai moto ya san wannan tun farko, ya biya kuɗin yinin.

Idan zoben da ake so babu, ana yanka shi daga ƙarfen salka mai tauri ko tagulla mai sanannen kauri, a goge bakinsa. Gwangwanin lemo kaurinsa yana kusa da milimita 0,1, shi ya sa yake jan hankali, amma alminiyam ne mai taushi. Yana bajewa, awon ya gudu bayan ƴan makonni.

7. Mai

Haƙora masu lanƙwasa suna mirginawa suna kuma ɗan zamewa a kan juna ƙarƙashin nauyin da muka lissafa. Man inji ba ya tsayawa a irin wannan matsi. Man da ake so shi ne na haƙora, mai lamba 80W-90 ko 90, ajin GL-5. Yana da sinadaran sulfa da fosforos da ke yin wata fata a jikin ƙarfe idan wuri ya yi zafi, ta hana ƙarfe manne wa ƙarfe. Wannan sulfa ce ke ba shi wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, kuma ga wanda ke sayen mai a kwalba a kasuwa, hanci shi ne gwaji na farko. Yawan da ake zubawa kaɗan ne: BMW na shekarun 1970 kwata na lita yake sha a ƙoƙon baya. Ƙari ba alheri ba ne, yoyo yake kawowa. Waɗansu ƙananan motoci giris ake cusa musu maimakon mai, don haka a tabbata kafin a zuba. Bayan gyara a canza man da wuri, a duba maganaɗisu. Daga nan sau ɗaya a shekara, mafi kyau bayan damina.

8. Kayan gyara da masu ƙafa uku

Tun faɗuwar darajar sefa a watan Janairu 1994, wadda ta ninka kuɗin duk abin da ake shigowa da shi daga Turai, tsofaffin motocin Turai suka soma komawa zaure. Kasuwar kayan gyara ta Maraɗi ta dogara ƙwarai ga hanyar Ɗan Isa da Jibiya zuwa Katsina da Kano, kuma an ga abin da ke faruwa idan ta rufe, daga Agusta 2019 zuwa Afrilu 2022, da kuma bayan juyin mulkin Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Abin da ke sauƙaƙa lamari shi ne rulma da robobi galibi masu awon duniya ne. Lambar da ke jikin rulma, ko awo uku na roba, wato faɗin ciki da na waje da kauri, su ake kai wa mai shago, ba sunan moto ba. Pinyo da kambi ne kaɗai ba su da madadi. Wanda ya samu tsohon ƙoƙo cikakke mai lafiya, gara ya ɗaura shi yadda yake da ya kwashe cikinsa.

A mai ƙafa uku, a wurin da ƙaramin haƙorin sarƙa yake zama an ɗaura wani ɗan akwati mai haƙora da ke karya kwana ya kuma ba da giyar baya, daga nan sanda ta tafi gatarin baya, inda pinyo da kambi ke zaune tare da haƙoran da ke barin taya ɗaya ta fi ɗaya sauri a kwana. Duk abin da muka faɗa game da rata, launi da mai ya shafe su. Bambancin shi ne kayansu suna samuwa da arha, don haka makaniki yakan canza pinyo da kambi ba tare da ya auna komai ba, a dawo bayan wata uku a ce kayan ne jabu. Wani lokaci jabun ne. Amma mun ga sababbin haƙora da sawunsu ya tsaya a ƙarshen waje kaɗai, wanda minti ashirin da ɗan bula za su nuna tun ranar farko. Ga mai tuƙin da ya ci bashi ya sayi moton, kwana goma a garaji lokacin jigilar aya hasara ce da ba ta dawowa sai baɗi.

Na kawu kuwa, da muka buɗe shi mun tarar fatar haƙoran pinyo ta fara tashi a sama amma ba ta ɓantare ba. Zobe na uku yana nan, makanikin ya adana shi a gwangwanin kusoshi. Da shi kansa muka yi aikin, a rumfarsa, ranar da ba kasuwa. A buɗewa ta huɗu sawun ya dawo tsakiya, ratar ta tsaya kusa da milimita 0,2. Kukan bai tafi duka ba, ana jinsa kaɗan idan an saki wuta a gangare, kuma mun roƙi kawu ya daina ɗora buhu biyu a baya.